Labo Mai Kare

Labo uku gare mu a Badagishiri a wancan zamani, kuma kowanne da abin da aka laƙa wa sunansa don a bambanta. Akwai Labo Dogo, akwai Labo Mai Goro, sai Labo Mai Albasa, wanda lambunsa yake bakin fadama, kusa da na Baƙo da na Dauda. Wannan suna na albasa ya fi masa komai daɗi a duniya. Mutum ne mai farar riga da sahun gaba, in liman ya yi mura shi ake turawa ya ja salla. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kada wata rana a wayi gari yara sun sauya masa suna zuwa Labo Mai Kare.

Dalili kuwa akwai karen. Baƙi ne, mai farin tabo a ƙirji. Shekara bakwai yana kwana a bukkar lambun Labo, yana cin ƙanzon tuwon gidan Labo, yana tafiya bayan jakin Labo. Akuya ba ta isa ta leƙa shingen nan ba, kuma albarkacinsa har lambun Baƙo da na Dauda suka huta da ɓarna. Amma duk wanda ya ce wa Labo "karenka", sai ya ɓata rai.

"Ba nau na ba," in ji shi. "Karen Allah na, inuwa yaka biɗa."

Liman da kansa ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa babu laifi mutum ya ajiye kare don tsaron gona. Labo ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai, ga masu kare ke nan. In sun shiga lambu su biyu, babu ido, Duna yake kiransa, yana sosa masa bayan kunne, har hira yake yi masa a kan tsadar iri. Kowa ya san haka, domin shingen ƙaya ba ya tare murya, amma aka bar shi da abinsa.

Da sanyin wata shekara, shekarar da aka yi ta bin ƙauyuka ana yi wa shanu allura, ƙazwa ta kama Duna. Ta fara daga gefen kunnuwa da gwiwar ƙafa, gashi yana zuba, fata tana yin ɓawo. Kare ya bar haushi ya koma susa, ya goga jiki da bakin rijiya, ya goga da gindin mangwaro. Hankalin Labo ya tashi ƙwarai, don yana son dabbar nan fiye da yadda yake son wasu danginsa.

Magani bai yi nisa ba. Jaje, makiyayin da yake sauka da shanunsa a gefen fadama kowane rani, ya ga karen ya ce ranar kasuwa mai zuwa ta sama likitan dabbobi zai zo daga Konni, a kai masa. Amma kai kare gaban likita sai an ja shi da igiya ta tsakiyar kasuwa, kuma igiyar tana hannun mai shi. Labo ya ce shi ina ruwansa, in mai karen ya zo sai a faɗa masa.

Daga nan ya zagaya wajen wani direban da ke lodin albasa, ya ce yana son baƙin mai don ƙafar amalanke. Direba ya cika masa gwangwani daga wanda ya tsiyaye daga inji. Da tsakar rana, lokacin da kowa ya tafi cin abinci, Labo ya kira Duna bukka. Kare ya zo yana kaɗa wutsiya. Labo ya danne shi tsakanin ƙafafunsa ya mulke shi da man nan tun daga wuya har wutsiya, ya cusa a cikin raunukan da susa ta buɗe. Duna ya yi kuka, ya yi ta fizga, Labo yana cewa yi haƙuri, magani ba ya daɗi.

Abin da Labo bai sani ba, ba shi kaɗai ne mai tausayi a fadamar ba. Baƙo ya ga awaki sun fara shigo masa, ya kuma ga mai karen wai ba shi da kare, sai ya ce bari ya taimaka a ɓoye. Ya yaudari Duna da ƙashi ya zuba masa kananzir. Dauda shi kuma yana da ragowar maganin feshin auduga a kwalba, wanda ke kashe tsutsa nan take, ya ce abin da ya kashe tsutsa ai ba zai bar ƙazwa ba. Ya tsoma tsumma ya goga masa a baya. Babu wanda ya gaya wa wani, saboda kada a kunyata Malam Labo.

Labo da ya ga jiki yana ƙara lalacewa sai ya ce man ne bai isa ba, ya ƙara. Sau huɗu yana danne karen. A na huɗun sai da ya ɗaure shi, don ya daina zuwa in an kira. Duna yana lasar jikinsa, yana haɗiye duk alherin da aka shafa masa. Ya fara amai, miyau yana dalala, ƙafafun baya suna rawa. Fatar ta yi ja ta sale. Rannan ya tsinke igiya ya bar lambun, ya je ya kwanta ƙarƙashin wata rumfa da ba kowa a bakin kasuwa.

A nan likita ya same shi ranar kasuwa. Mas'udu sunansa, ɗan siriri mai hular kaki, ya gama da shanun Jaje yana wanke allurai sai ya hango abin. Ya tsuguna ya duba, ya sunsuna, ya ja da baya yana toshe hanci. Mutane suka taru, har da Labo, wanda ya ce hanya ce ta biyo da shi.

"Wa ad da karen ga?" in ji Mas'udu.

Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Ina tambaya don akwai dalili," in ji shi. "Bana an yi haukan kare wajen Bazaga. Umurnin da anka ba mu, kare maras lahiya da ba shi da mai shi, a halbe shi. In da mai shi, in yi mishi magani, in rubuta suna. In babu, ga gardin gwamnati can da bindiga."

Gardi ya miƙe daga inuwa yana gyara ɗamara. Labo ya dubi Duna, ya dubi yaran da suka yi layi a gaba da kunnuwa a buɗe, ya ji sunan nan yana tahowa. Bai san yana sosa hannunsa ba, tun daga wuyan hannu har gwiwa, kamar yadda ya kwana biyu yana yi. Mas'udu ya lura. Ya kuma lura da Baƙo yana sosa tsakanin yatsu, Dauda yana goga damtse da bango.

"Abin mamaki," in ji likita. "Karen da ba shi da kowa, ga mutum ukku ya ba ƙazwa tai. Ita ko ba ta kama mutum sai wanda yar rungume shi."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Gardi ya ɗaga bindiga ya ce a matsa.

"Dakata," in ji Labo. "Nau na. Karena na. Sunanshi Duna."

"Mun sani, Malam," in ji Baƙo a hankali.

Mas'udu ya rubuta. Sa'an nan ya tambayi abin da aka shafa. Labo ya ce baƙin mai. Baƙo ya ce da ɗan kananzir. Dauda ya daɗe kafin ya ambaci maganin auduga. Labo ya juya yana kallonsu baki buɗe.

Likita bai ɗaga murya ba, amma ransa ya ɓaci. Ya ce ƙazwa wani ƙwaro ne ƙarami da ido ba ya gani, yana haƙa cikin fata, kuma da an kawo masa karen yadda Allah ya jarrabce shi, wanka uku ya ishe shi. Baƙin mai da kananzir ƙona fata suke, in dabba ta lasa su ci mata ciki, maganin auduga kuwa guba ne da zai iya kashe har wanda ya shafa. Ya ce yanzu ba ƙazwar yake jin tsoro ba, taimakon da aka yi ne. Sai an wanke man nan tas da sabulu da ruwan ɗumi, a bar raunuka su kame, sa'an nan a yi wanka da maganin da zai bayar, murfi ɗaya a bokiti, ba biyu ba, sau ɗaya a mako, a kiyaye ido da baki. A ƙone buhunan da yake kwana a kai, a ba shi abinci mai kyau. Su kuma masu susa su wuce asibiti, kada wanda ya je neman direba.

"To, mai kare, zo ka riƙe mini shi," in ji Mas'udu.

Labo ya naɗe hannun farar rigarsa a gaban duk kasuwa, ya durƙusa, ya miƙa hannu ya ce, "Duna, taho." Karen da ko tsayuwa ba ya iyawa ya ɗaga kai, ya ga hannun, ya ja jiki da ciki har ya ƙure da ginshiƙin rumfa, yana kuka siriri yana nuna haƙora. Labo ya sake gwadawa, abin ya fi na farko muni. Ya tsaya a durƙushe, kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe shi.

Jaje ne ya ajiye sandarsa ya matso. Hannunsa warin nono yake yi, bai taɓa shafa wa karen komai ba. Duna ya bari ya ɗauke shi. Shi ya riƙe aka wanke man, shi ya tafi da shi ruga, shi ya yi masa wankan mako-mako yana ba shi madara. Labo yana aika tuwo kullum, yana tsayawa daga nesa yana tambaya, don in ya matso karen sai ya shige ƙarƙashin gado. Da mako na shida gashi ya fara fitowa, har farin tabon ƙirjin ya dawo.

Da hadarin farko ya taso, Jaje ya ɗaure kayansa zai yi arewa da shanu. Ya kawo Duna har bakin lambu da igiya, ya ce ga amana. Labo ya karɓa, ya kwance igiyar don kada a ce ɗaure shi ya yi. Kare ya tsaya ya dubi bukkar da ya kwana shekara bakwai a ciki. Sai ya juya ya bi sawun shanu da gudu.

"Karena na!" Labo ya ɗaga murya, har masu ban ruwa suka ɗago kai. "Jaje, karena na!"

Jaje ya waiwayo ya buɗe hannuwa, ya nuna babu igiya.

Bayan nan Labo ya yi shekara goma sha tara a duniya, bai sake ajiye kare ba, awaki kuma suka ci rabonsu na albasa. Amma har ranar da aka kai shi makwancinsa, in baƙo ya tambayi gidan Labo aka ce wanne, ya ce mai lambu, sai a ce masa ai Labo Mai Kare yake nufi.