Bokiti Ɗaya na Ruwan Famfo

"Duba aikinki, Iya," in ji Dogo. Ya tsoma ludayi cikin robar ya ɗago, sabulun ya zubo tsululu, ga wani farin gudaji yana yawo a kai kamar madarar da ta tsinke. "Roba ta huɗu ke nan da kika ɓata."

Mai Ɗinki, maƙwabciyarsu, tana tsaye bakin ƙofa da almakashi a hannu, ta rasa inda za ta sa idonta. Shekara ashirin tana ganin tsohuwar nan tana haɗa sabulun ruwa a wannan ɗaki na bakin titi, sabulun da in ka ɗebo shi sai ya ja zare kafin ya yanke. Yau ga ɗan cikinta yana yi mata tsawa a gaban matarsa.

"Ba hannuna ba ne," Iya ta ce a hankali. "Ruwan ne. Gishiri ɗan kaɗan nake zubawa, shi ke sa sabulu ya kama jikinsa ya yi kauri. To ruwan rijiyarka zartsi ne, da nasa gishirin ya zo. Yana haɗuwa da sabulun sai ya tsinka shi."

"Ku ji fa! Yanzu kuma rijiyata ce mai laifi." Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. Wata biyu ke nan da ya haƙa rijiyar ya sa aka yanke famfon gidan, kuma duk baƙon da ya shigo sai ya leƙa ta. "Tsufa ne, Iya. Kin ruɗe. Ki yarda kawai."

Kafin sati ya zagayo an kwashe robobinta, an mayar da ita ɗakin baya kusa da akurkin kaji. Ɗakin bakin titi kuwa Dogo ya jera tayoyin babur a ciki. A unguwa magana ta bazu cewa Iya Mai Sabulu ta fara zarewa, har mata suka daina ba ta jarirai ta riƙe.

Ranar da Mai Ɗinki ta shiga gaishe ta, tsohuwar ta kama mata hannu ƙam.

"'Yar nan, bokiti ɗaya nake roƙo. Na famfonki. Ƙafata ba ta kai ni, da na zo da kaina. Na ɓoye sauran kayan haɗi. Kwano ɗaya zan yi, su gani da idonsu, kada in mutu ana ce mini mahaukaciya."

"Gobe in sha Allahu, Iya."

Wace gobe! Mai Ɗinki tsoron bakin Dogo take yi, ga matarsa ita ke kawo mata ɗinki mafi tsoka. Ta cika bokitin sau biyu, sau biyu tana jin muryarsa a tsakar gida ta juye ruwan a randarta. Kunya ta hana ta komawa gaisuwa. Ta kan katanga take jin labari: Iya ta ture abinci, Iya ba ta fitowa shan rana, Iya ta daina magana sai kallon ƙofa.

Rana ta tara, da hantsi, kuka ya tashi a gidan. Ba a jima ba sai ga Dogo ya yi sallama, bokiti biyu a hannu, idonsa a bushe ƙarau.

"Iya ta cika. Ki taimaka mana da ruwan famfonki, za a yi mata wanka. Na rijiyar ba ya kumfa."

Mai Ɗinki ta dube shi. "Me ka ce?"

"Ba ya kumfa. Ko wanki ba ya fita da shi."

"Tun yaushe ka san haka?"

"Tun satin farko mana." Ya ajiye bokitan a gindin famfo. "Haba, kin san halin Iya. Da na ce ta ba ni ɗakin nan da daɗin rai, za ta bayar ne? Yi sauri, mutane sun fara taruwa."

Ta so ta zage shi, wallahi ta so. Amma da wane baki? Ta murɗa famfon, ta tsaya tana kallon ruwan yana zuba, ko minti biyu ba a yi ba bokiti ɗaya ya cika. Ta hana shi ɗauka, ta ɗauka da kanta.

A ɗakin baya an rufe Iya da zane, mata suna jiran ruwa. Mai Ɗinki ta durƙusa za ta ajiye bokitin, sai idonta ya faɗa kan gefen tabarma, daidai inda hannun tsohuwar zai kai. An wanke wani ɗan kwano fes an ajiye, da cokalin katako a ciki. Kusa da shi ga gishiri an auna, an ƙulle a ƙyalle.