Takalma a Bakin Ƙofa

Takalman mutum goma sha huɗu Zuwairatu ta ƙirga a bakin ƙofar falo, ga shi ko azahar ba a kira ba. Ta tsallake su da tiren kofuna a hannu. Can cikin kujera, mijinta Malam Mele ya sake ɗage riga, yana nuna wa 'yan dubiya ɗinkin da ya ratsa ƙirjinsa.

"Nan suka tsaga," yake cewa, numfashi na katse masa magana. "Jijiya suka ciro a ƙafata, suka yi wa jinin sabuwar hanya. Kamar dai yadda muke ratse idan gada ta karye."

Aka kwashe da dariya. Tsohon direba ke nan, ko aikin zuciya sai ya mayar da shi hirar mota. Shekara talatin da ɗaya tana son bakin nan nasa, amma yau ji take kamar ta toshe shi da tafin hannu.

Kwana tara da dawowarsu daga Abuja. Likita ya ja mata kunne: hutu, magani a kan lokaci, kuma idan bugun zuciyar ya rikice ko ya yi gudu, kada a tsaya shawara. To ina hutu a unguwarsu ta Bukan Sidi? 'Yan tasha sun zo, 'yan masallaci sun zo, dangi daga Azuba sun zo sun kuma dawowa. Kowa sai an tashe shi ya gan shi da idonsa, kowa kuma da maganin da ya warkar da wani. Shi kuwa bawan Allah, kunya ba ta barinsa ya ce ya gaji. Har rakiya yake yunƙurin yi.

Da la'asar yayansa Sha'aibu ya iso daga Adogi, da jarka a bayan babur.

"Jiƙo ne, na wanke jini," ya ce. "Ki kawo kofi."

"Yaya, likita ya ce..."

"Likita ne ya goya shi da uwarmu ta rasu, ko ni?"

Ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai. Ta kawo kofin.

* * *

Kwana uku bayan nan, da hantsi, tana kakkaɓe kujerarsa sai ƙwayoyi suka zubo daga ƙarƙashin matashi, farare da ruwan hoda. Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Malam! Mene ne wannan?"

"Yaya ya ce ba a haɗa su da jiƙon. Kwana bakwai kawai, Zuwai." Ya yi murmushin yaron da aka kama da hannu a tukunya. Gumi ne ke tsattsafo masa a goshi.

Ta cafki hannunsa, ta ɗora yatsu biyu a inda maƙwabciyarsu Winifred, ma'aikaciyar jinya, ta koya mata. Inna lillahi! Bugun ya yi gudu, ya tsaya, ya sake fizga, babu tsari ko kaɗan. Ta kasa ƙirgawa.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya. Na ga akwai baƙi, shi ya sa ban..."

Ba ta jira ya ƙarasa ba. Ko mayafi ba ta ɗauka ba ta buga ƙofar Winifred. Matar ta biyo ta gida, ta taɓa hannunsa, ta dubi jarkar, ta dubi takalman da suka fara taruwa.

Da 'yar gurguwar Hausarta ta ce wa Zuwairatu, "Mama Bilkis, kira keke yanzu yanzu. Wannan mutane za su kashe maka miji da gaisuwa."

A cikin keke ya jingina da kafaɗarta, ya raɗa mata, "Kin fito ba gyale, tsohuwa." Ta ce ya yi mata shiru, hawaye na zuba. Tsoro take ji, tsoron da ba ta taɓa jin irinsa ba.

* * *

Kwana huɗu suka yi a asibiti kafin bugun ya daidaita. Ranar da suka dawo, Zuwairatu ta ɗauki kujera 'yar tsugune da faifan agushi, ta zauna a bakin get. Duk wanda ya zo sai ta gaishe shi har ƙasa, ta ce, "Yana barci. Zan faɗa masa. Allah ya ba da lada."

'Yan tasha suka juya suna ƙunƙuni. Matan unguwa suka riƙe haɓa. Sai ga Yaya Sha'aibu da sabuwar jarka.

"Matsa in wuce."

"Yaya, ka yi haƙuri. Ka shiga kai kaɗai, minti biyar, amma jarkar ta tsaya nan."

"Ni za ki gindaya wa sharaɗi a gidan ƙanina?"

Ba ta ɗaga daga kujerar ba. Ya kalle ta, idonsa ya kaɗa, don shi ma son ƙanin nasa yake, ta sani. Ya ɗaure jarkarsa, ya tayar da babur.

Kafin sati labari ya zaga: Zuwairatu ta mallake miji, ta raba shi da danginsa. Ranar sunan jikar Sha'aibu ta yi sallama a tsakar gida cike da mata, mutum biyu ne suka amsa. Ta ajiye turmin zanen da ta kawo, ta juyo.

Ta tarar da Malam Mele a falo, ya sha maganinsa, ya ajiye mata fankon a kan tebur don ta gani. Tun kafin ta zauna ya miƙo mata hannu.

"Bismillah, likita. Duba injin."

Ta ɗora yatsu biyu. Bugun na tafiya a natse, ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙirga har ƙarshe, ta kuma farawa, don daɗin ji kawai.

"Zuwai," ya ce a hankali, "Yaya ya tambaye ni?"

Ba ta saki hannun ba. Idonsa na kan bakin ƙofa, inda ta share tas da safe. Silifas ɗinsa ne kaɗai a wurin.