Takardun da ke Aljihun Jacinta

Ranar Asabar Hulda ta fara tsintar takardar, tana wanki a bayan gidanta a Kagoma. Ta sa hannu a aljihun siket ɗin makarantar 'yarta Jacinta, sai ta fito da 'yar takarda an ninke ta gida huɗu. Da jan biro aka yi rubutun, a tsare tsaf, ba irin na Jacinta ba da ke karkacewa. Hulda aji uku ta yi a firamare. Tana karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa ba gargada, amma wannan Turancin ko kalma ɗaya ba ta gane ba. Ta mayar da ita inda ta ɗauko. Asabar ta gaba ta sake samun wata, sai ta ƙulle ta a bakin zani.

Da ma akwai abin da ke cin ta a rai. Tun farkon zangon karatu, duk Talata da Alhamis Jacinta ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi, ta ce koyon waƙa suke yi a coci. Hulda ta tambayi shugaban mawaƙa bayan sujada, kamar da wasa, ya ce su ran Juma'a kaɗai suke haɗuwa. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe a sakandare, ga ubanta Gershon ya rasu shekara huɗu ke nan. In wani abu ya lalace, kan Hulda za a ɗora.

Ba ta ce wa yarinyar komai ba. Ran Litinin ta hau mashin zuwa Kafanchan wurin kawunta Obadiah, tsohon akawun jirgin ƙasa, wanda har yanzu ba ya kwana bai karanta jarida ba. Ya sa tabarau, ya nisanta takardar da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce kalmomi goma ne, manya. Ta farko clandestine, wato abin da ake yi a ɓoye. Ta biyu rendezvous, haɗuwar mutum biyu a wurin da suka shirya. Ta uku infatuation, son da ke rufe wa mutum ido.

"Kawu, wasiƙa ce ke nan?"

"Ba gaisuwa, ba sa hannu. Ban ce wasiƙa ce ba. Amma wanda ya rubuta wannan ya sha boko, kuma ba yaro ba ne."

Wannan ya fi komai tayar mata da hankali. A hanyar komawa ta riƙa jero malaman makarantar maza a ranta, ɗaya bayan ɗaya, har da sabon da ke yawo da takalmi mai tsini.

Ran Alhamis ta bar cittarta a shanye, ta je ta laɓe a rumfar mai injin niƙa daura da makaranta. Da aka tashi, Jacinta ta fito ita kaɗai, ta wuce coci ba ta ko dubi ƙofar ba, ta bi 'yar hanyar da ta ratsa gonar dawa. Hulda na biye daga nesa. Sai ta ga yarinyar ta tura wata ƙofar langa-langa da ita Hulda ta rantse ba za ta sake taka bakinta ba.

Gidan Afiniki ne, yayar marigayi Gershon, wadda ta koyar da Turanci shekara talatin kafin ta yi ritaya. Bayan jana'iza sun yi rigima a kan gonar bakin rafi, har dattawa suka shiga, maganar ba ta mutu ba. Tun lokacin ko gaisuwa ba sa yi, kuma Hulda ta hana 'yarta zuwa gidan.

Ta leƙa ta kan katanga. Ɗalibai biyar ne a kan benci ƙarƙashin mangwaro, Afiniki na tsaye gaban allo da alli a hannu. Ta rubuta wata doguwar kalma, ta raba ta gida uku, tana nuna masu kai, da gindi, da wutsiya, yadda in ka san gindin za ka iya cankar ma'anar 'yan'uwanta ko ba ka taɓa ganinsu ba. Sannan ta ce kowa ya sa kalmar a jimla, kuma jimlar ta zama kan abin da ya gani da idonsa a makon nan.

Hulda ta tura ƙofar. Jacinta ta miƙe, littafinta ya faɗi. Afiniki ta ajiye allin ba gaggawa.

"Matarmu, sannu da zuwa. Ga kujera."

Hulda ba ta zauna ba. Ta kwance bakin zani, ta miƙa takardar, ta tambaya me ya sa ake koya wa 'yarta kalmomin ɓoye-ɓoye da soyayya. Afiniki ta ce haka take haɗa su, kowane mako da fanninsa, domin masu jarrabawa ba sa tambayar mutum abin da yake so. Kafin waɗannan, na asibiti suka yi. Kuma Jacinta ce ta zo da ƙafarta, tana kuka, bayan ta faɗi Turanci a gwajin makaranta.

"Mako mai zuwa fa?"

"Na kotu da shari'a."

Hulda ta dube ta da kyau. Fuskar Afiniki ba ta nuna komai ba. Ko gaskiya haka tsarin yake, ko magana ce ta jefa mata a kan gonar? Me ma zai sa ta koyar da yarinyar kyauta, in ba so take ta janye ta zuwa ɓangarensu ba?

A gida Jacinta ta durƙusa ta ba da haƙuri a kan ƙaryar. Hulda ta ce yarinyar za ta ci gaba da zuwa, amma tare za su riƙa tafiya. Haka kuwa aka yi. Duk Talata da Alhamis takan ɗauki kwanon gyaɗa ta zauna a gefen mangwaron tana ɓarewa, kunnenta na wurin allo, ko za ta ji an sako sunan Gershon ko na rafi cikin Turancin. Har aka gama zangon ba ta ji ba. Ruwan da Afiniki ke kawo mata kuwa, sai a mako na shida ta fara sha.

Da sakamako ya fito, Jacinta ta ci Turanci da kyau. Hulda ta aika ta da doya biyar gidan gwaggonta, ta ce ta faɗa mata daga gonar tudu aka haƙo su, ba ta bakin rafi ba.