Teburin Bakin Taga

Shekara talatin da huɗu Magatakarda ya yi yana aiki a kotu, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa yarda a ɗage ƙara daga ranar da aka sa mata ba sai da dalili a rubuce. Da ya ajiye aiki, sai ya koma gida da halinsa. Saboda haka da ya yi wa uwargidansa alkawarin hutun kwana uku a mota, su biyu kaɗai, sai ya tsara komai a takarda: inda za a tsaya, inda za a kwana, da gidan abincin nan na kan tudu mai kallon kogi, inda suka taɓa cin abinci shekarar da aka ƙara masa girma. Tun wata guda kafin tafiyar ya buga waya ya kama teburin bakin taga.

Ruwan sama ya yi kwana shida yana zuba kafin su tashi, rediyo kuma ta ce kogi ya yi ambaliya. Uwargida ta ce a jinkirta mako guda.

"An taɓa yin wanda ya fi wannan," in ji shi, "shekarar da aka haifi babbar 'yarmu. Ba mu fasa zuwa ko'ina ba."

"A lokacin ai ba mu da mota, Malam. Ina za mu je da za mu fasa?"

Bai ga wannan a matsayin hujja ba, ya sa jakunkuna a but ɗin mota.

A rana ta biyu suka fara gamuwa da manyan motoci ɗauke da katifu da tukwane, da mutane a gefen titi suna jan awaki, da wata makaranta da aka shanya tufafi a katangarta. Ya gansu sarai, har ya ce Allah ya kyauta. Amma rabin hankalinsa yana kan agogo, domin ƙarfe ɗaya ya kama teburin.

Suka iske gidan abincin cike maƙil. Mutane zaune da ƙullin kayansu tsakanin ƙafafu, ɗakin yana warin jiƙaƙƙun tufafi, mai gidan da kansa yana zagayawa da babbar buta yana zuba shayi. A teburin bakin taga akwai wata tsohuwa da wata matashiyar mace mai goyo, babu komai a gabansu sai kofi ɗaya.

Magatakarda ya kira mai gidan ya faɗi buƙatarsa.

"Ranka ya daɗe, yau fa ka ga yadda..."

"Yau ce ranar da na kama. Ƙarfe ɗaya."

Uwargida ta ja hannun rigarsa. "Malam, ga wuri can kusa da ƙofa."

"Ba wuri muka zo nema ba." Ya ɗaga muryar nan da ya saba kiran masu ƙara da ita, har cokula suka tsaya a kofuna. "Idan aka fara bai wa wanda ya riga zama haƙƙin wanda ya riga kamawa, gobe babu mai amincewa da maganarku. Haka ake yi a ko'ina, haka kuma aka yi mana a nan a baya."

Mai gidan ya je ya sunkuya ya yi wa tsohuwar magana ƙasa-ƙasa. Ta miƙe ba musu, ta dafa kafaɗar mai goyon, suka koma wani benci jikin bango kusa da ƙofar kicin.

Aka goge teburin, aka kawo musu kifi da shinkafa. Magatakarda ya gyara zama ya dubi waje. Rana ta leƙo, ruwa ya shimfiɗe iya ganin ido yana ƙyalli.

"Dubi kyau," ya ce. "Wancan karon kogin bai kai rabin wannan faɗi ba."

"Sa tabarau ɗinka, Malam."

Ya sa. Sai ya ga rufin gidaje jere a cikin ruwan, da kawunan turakun lantarki, da saman bishiyoyi. Unguwa ce guda.

Bai kai ga cewa komai ba sai ga mai goyon tsaye a gefensa, ta ɗan rusuna.

"Baba, ka yi haƙuri, ba teburin na zo nema ba. Iyata ce ta aiko ni. Babana ya koma da kwalekwale tun safe ya ɗauko maƙwabcinmu da ba ya iya tafiya. Ka ga wancan rufin mai shuɗin kwano? Ta bayansa zai ɓullo, kuma daga tagar nan kaɗai ake hango wurin. Ta ce tunda kana da tabarau, in ka gansu ka ɗaga mana hannu."

Ya tashi ya ratsa ɗakin, ya tsaya gaban tsohuwar, ya roƙe ta ta dawo wurinta.

"Haba Malam," ta ce, babu ko ɗigon fushi a muryarta. "An ce kun yi tafiya mai nisa, kuma tun wata guda ka kama. Ku ci abincinku. Mu ne muka faɗo wa mutane ba shiri."

Da zaginsa ta yi, da ya san abin da zai yi da zagin. Ya sake roƙo, ta sake ƙi, da ladabi. Da ya juyo, sai ya ga uwargida ta ɗauko farantan biyu tana tahowa wajen bencin.

"Ni kallon ya ishe ni," ta ce da ta zo wucewa ta gefensa. "Kai ka kama teburin, sai ka riƙe shi."

Ya koma ya zauna shi kaɗai a teburi mai kujera huɗu, a ɗakin da wasu ke zaune a ƙasa. Ba wanda ya harare shi. Ba ma wanda ya dube shi. Ya lalubi tunaninsa ko akwai wata shari'a da ya taɓa gani mai kama da wannan, wadda mai gaskiya a takarda ya rasa inda zai sa fuskarsa, bai samu ba. Ya kafa ido a kan shuɗin rufin, bai yarda ya ƙifta da yawa ba. Ƙarfe biyu ta wuce. Idanunsa suka fara ruwa saboda ƙyallin.

Can sai wani baƙin abu ya zame daga bayan rufin. Ya goge tabarau ya sake dubawa. Ya ɗaga hannu, amma matan sun sunkuya kan jaririn, ba wadda ta gani. Dole ya buɗe baki.

"Iya! Ga kwalekwale nan. Mutum biyu ne a ciki."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya, aka yo kan tagar gaba ɗaya. Aka ture kujerarsa, wani ya taka masa ƙafa, ya yi ta ja da baya har bayansa ya taɓa bango. Uwargida ce ta riƙo tsohuwar ta kai ta gaban taga.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo, hannunta a bakinta. Sannan ta waiwayo tana nemansa cikin mutane, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, Allah ya saka maka da alheri. Mun hana ka cin abinci."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa, waɗanda su kaɗai ne busassu a ɗakin.