Shingen Ƙaya a Bakin Tafki

Ramin farko bai ba shi wahala ba, don ƙasar bakin ruwa da an taɓa ta take buɗewa. Mai Laka, mai lambun gidan, ya yage baƙar ledar da ke jikin dashen, ya zura saiwar, ya turo ƙasa ya danne da diddige. Ƙaya ta karce shi a bayan hannu. Ya tsotse jinin ya tofar, ya jawo baro gaba.

Baron cike yake da dashen fulawa mai ƙaya, irin wadda ake bi da ita gindin katanga saboda ɓarayi. Yau kuwa ba katanga zai yi wa ba. Da safe maigidan ya tsaya a kansa da mukullin mota a hannu, idanu jawur don rashin barci, ya ce a zagaye tafkin bayan gida da ita, kurkusa da juna, kada a bar ko inda kaza za ta kutsa. Kuma a gama kafin ya dawo daga aiki.

Tafkin ba wani babba ba ne. Marigayi mahaifin maigidan ne ya sa aka haƙa shi aka shafe da siminti, tsakiyarsa ta kai ƙirjin namiji. Akwai jajayen kifaye a ciki, da bado, da ɗan injin da ke tsiyayo ruwa a kan duwatsu. Duk wani kore da ke kewaye da shi kuwa hannun Mai Laka ne. Shekarar da idon Inna, mahaifiyar maigidan, ya rufe, shi ya jera ɗoɗɗoya tun daga ƙofar kicin har bakin ruwa, ya shimfiɗa na'ana'a a kan gaɓar. In sandarta ta gogi ganye ƙamshi ya tashi, ta san inda take. Ɗoɗɗoya na nufin ci gaba da tafiya, na'ana'a na nufin tsaya, ruwa na gabanki. Kullum bayan la'asar haka take fitowa ita kaɗai da kwanon abincin kifi. A duk faɗin gidan, nan ne kawai take zuwa ba wanda ya riƙe mata hannu.

Makon jiya ya dawo daga zubar da shara ya tarar da ita a tsakiyar tafkin, zaninta ya taso saman ruwa kamar ganyen bado. Ya faɗa ya tallabo ta. Ta yi ta amayar da ruwa, aka kwashe ta zuwa asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Maigidan ya ce gansakuka ce ta kwashe ta, na'ana'ar nan ta rufe bakin simintin, santsi ya yi yawa. Kowa ya yarda. Mai Laka ma ya gyaɗa kai.

Amma bayan motar ta fita, da ya koma ɗaukar tiyo, ya ga takalmanta a kan gaɓa. A jere suke, kai da kai, sandar na kwance a gefensu, an kife kwanon abincin kifi a kusa. Ya daɗe yana kallonsu. Wanda santsi ya kwasa ba ya tsayawa jera takalma. Ya ɗauke su ya kai ƙofar ɗakinta, bai faɗa wa kowa ba, har matarsa.

Rana ta take lokacin da ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a kan dakali. Inna ce, ta rame, an ɗaura mata ɗankwali a karkace. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana ɗaga hanci.

"Mai Laka, mijina na wahala. Me kake haƙa tun safe, ko kabarina ne?"

"Haba Inna. Fulawa ce."

"Fulawar da ke sa ƙato yana tsaki? Ai ina jin ka ta taga."

Ya yi dariyar dole. Ita ta raɗa masa sunan nan tun yana saurayi, wai ba ta taɓa ganin ƙafarsa ba laka ba, ga shi yanzu har furfura ta fito masa sunan bai sake shi ba. Ya jawo mata kujera inuwa, ya gaya mata gaskiya, don ƙarya ba ta kwana a wurin tsohuwar nan. Ta saurara har ya gama. Ba ta zagi ɗanta ba. Cewa ta yi yaron kirki ne, tsoro ne ya yi masa yawa, tun yana ƙarami haka yake. An riga an ɗauke wuƙaƙen kicin an sa sama wai kada ta yanke, an cire sakatar banɗaki, magungunanta ma sai an ƙirgo mata a tafin hannu kamar jaririya. Tafkin ne ya rage.

"Ka bar mini gurbi ɗaya," ta ce, ta rage murya. "Daidai jikina. Wurin na'ana'ar nan. In fulawar ta yi ganye ba wanda zai lura."

"Inna, in kika sake zamewa fa?"

"Ƙafa kawai nake tsomawa. Tun marigayi na da rai nake tsoma ƙafa a ruwan nan, kai ma shaida ne."

Shi shaida ne kuwa, abin da ya hana shi barci ke nan. Sau nawa ya gan ta zaune a kan gaɓa, takalma a gefe, kifaye na tsattsagar yatsunta tana yi musu faɗa. To mene ne a jera takalma? Mai tsabta ce, komai nata a jere yake. Amma kwanon da aka kife fa? Bai taɓa ganin ta kife shi ba.

Ta koma ciki, ya ci gaba da haƙa, kansa na ta juya maganar. In ya gaya wa maigidan abin da ya gani, an gama. Za a kulle ta a ɗaki, a ɗauko mai jinya ta zauna mata a kai, dangi su yi ta raɗa, tsohuwa mai daraja ta ƙare kwanakinta ana leƙa ta ta taga, duk a kan zaton mai lambu. In kuma ya bar gurbin, wata rana ya shigo ya tarar da zani a saman ruwa, hannun wa ya buɗe ƙofar? In ya toshe bai ce komai ba, ya bi umarni, ba mai kama shi da laifi, amma ya san da hannunsa ya rufe wa makauniya hanya ɗaya tilo da ta sani. Duk inda ya juya akwai wanda zai zalunta. Ya yi salla a ƙarƙashin bishiyar lemo, ya sallame bai tabbata raka'a nawa ya yi ba.

Shingen ya zagayo har ya kusa haɗewa. Da ya iso wurin na'ana'ar ya haƙa ramin, amma bai dasa ba. Ya ajiye dashen ƙarshe a cikin baro da ledarsa.

Sai ya shiga wani aikin da ba wanda ya sa shi. Ya ɗauko tsohon bahon wanki mai faɗi daga sito, ya haƙa masa wuri a gindin lemon, nesa da tafki, ya binne shi har baki, ya jera duwatsu a kewaye. Ya jawo reshen tiyo daga injin ya ɗora a kan dutse, ruwa ya fara tsiyaya da irin sautin da ta saba ji. Ya kamo ƙananan kifaye biyu da bokiti ya zuba. Sannan ya bi layin ɗoɗɗoyar yana ciro ta da ƙasarta, tushe bayan tushe, yana karkata hanyar a hankali, yadda ƙafa ba za ta ji an juya ta ba. A ƙarshe ya yanko na'ana'a da saiwarta ya shimfiɗa a bakin bahon. Yana yi yana jin kunyar kansa. Shuke-shuken da ya dasa don su faɗa mata gaskiya, yau yana koya musu ƙarya.

Bayan la'asar sandar ta fito. Ya koma gefe ya tsuguna, ko numfashin kirki bai yi ba. Ta gogi ɗoɗɗoya, ta bi. A inda hanyar ta karkata ta ɗan tsaya, kanta ya juya wajen tafkin, sannan ta bi ƙamshin. Da na'ana'a ta tashi sai ta ja burki. Ta lallaba ta zauna a kan dutse. Ta cire takalmi ɗaya, ta cire ɗayan, ta jera su kai da kai. Ta kwantar da sandar. Ta juye abincin kifin gaba ɗaya a ruwa, ta kife kwanon.

Ta zura ƙafa. Ruwan bai wuce idon sawu ba tafin ƙafarta ya taɓa roba.

Ta daɗe a haka. Ta matsa ƙafar gaba, ta matsa gefe, ko'ina bangon baho. Kifi ɗaya ya zo ya taɓa babban yatsanta, ba ta yi masa faɗa ba.

"Mai Laka," ta ce, ba ta juyo ba. "Na san kana nan. Warin taki ya tona ka."

"Ina nan, Inna."

"Ashe ka ga takalman."

Ta bar ƙafafunta a cikin ruwan, hannayenta a kan cinya, fuskarta na duban inda babu komai.

Daga waje aka ji hon ɗin mota, mai gadi na jan ƙofa. Mai Laka ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya je wurin baro ya ɗauki dashen ƙarshe, ya yage ledar, ya zura shi a ramin da ya rage. Ya turo ƙasa, ya danne da diddige, ya sake dannewa.