Sunan da Ba Ta Taɓa Kira Ba

Haulatu ta sake gyara zama a kan bencin ɗakin awo, ta rasa inda za ta sa kanta. Ga cikin wata bakwai ya tokare ta, ga ɗanta na fari, ɗan shekara biyu, zaune a ƙasa yana wasa da takalmin surukarta, Inna Yelwa, wadda ta rako ta Daura daga Sandamu.

Malama Hadiyya, nas ɗin da ke awo, ta kwance mata abin gwaji daga dantse. "Jininki ya hau. Me ke hana ki barci?"

Haulatu ta nuna yaron da baki. "Wannan ne. Har yau bai ce uffan ba. An fara cewa kurma ne."

Tsoron nan ya daɗe yana cin ta, yau ne dai ta faɗa.

"Kira shi mu gani."

"Kai," in ji Haulatu. Yaro ko gezau.

"Da sunansa nake nufi."

Haulatu ta sunkuyar da kai. Inna Yelwa ta karɓe zancen. "Ɗan fari ne fa, 'yar nan, kuma sunan surukinta ya ci. Mu a gidanmu uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yi masa wasa. Haka na yi da ubansa."

"To, wa ke masa hira?"

Ba kowa. Uban yana Mai'adua bin shanu, Inna tana gona, Haulatu kuwa kunya ta ɗinke mata baki. Takan ba shi kunu, ta yi masa wanka, ta goya shi, duk ba magana.

Nas ta zagaya bayan yaron ta saki makullanta a siminti. Ya zabura ya waiga.

"Kunnensa ƙalau. Maganar ce bai samu ba. Ki riƙa yi masa, Haulatu, tun kafin na cikin ya zo ya ɗauke miki hankali."

Suka kama hanyar tasha. Haulatu sai satar kallon Inna take. Da suka sami inuwa, tsohuwar ta daɗe tana duban jikan nata, sannan ta miƙe.

"Bari in je in sayo goro. Zan daɗe."

Inna da ko goro ba ta ci.

Haulatu ta duba dama, ta duba hagu.

"Nu'uman," ta ce a hankali.

Yaron ya ɗaga kai. Ya dubi mai rake, ya dubi direba, ya dubi hanyar da kakarsa ta bi, yana neman mai kiran. Ita kaɗai ce bai duba ba.

Ta dafa benci, ta durƙusa da ƙyar a gabansa.

"Ni ce," ta ce.