Ƙishin Ɗan Tsauni

Auta ya cusa yatsa cikin tukunyar shukar, ya zaro shi jagab da laka.

"Wa ya ba ɗan tsauni ruwa?"

Matarsa ta ci gaba da shanya kamar da bango yake magana. Inna, mahaifiyarsa, tana kan tabarma tana ɗinke maɓallin riga, ko kai ba ta ɗaga ba.

Ɗan tsauni suna ne da suka laƙaba wa wani ɗan gajeren itace mai jan fure, wanda ba ya fitowa ko'ina sai gefen wani tsauni mai tsakuwa a bayan gari. Da masu fasa dutse suka shigo da motocinsu, ma'aikatar gandun daji inda Auta ke aiki ta tura shi ya yanko rassansa. Ya dasa da yawa, duk suka mutu sai wannan. Ya kawo shi gida don ya sa masa ido, tunda awakin da ke shiga harabar ofis ba ruwansu da darajar shuka. Ga shi yanzu ganyen ya yi ɗorawa yana zuba.

"Ni dai kofi ɗaya nake zuba masa in ka fita," in ji matarsa. "Kofi ɗaya kuma ai ba ruwa ba ne."

"Kullum?"

"To, kai kullum ba ka sha?"

Inna ta ciji zare ta tsinke. "Ni ma ina ba shi, safe da yamma. Kar ka kalle ni, Auta. Abu mai rai a gidana, rana na dukansa, in wuce shi da buta a hannu? Ba haka aka rene ni ba."

"Inna, ɗan fako ne. Ruwa ne ke kashe shi."

"Ruwa? Ikon Allah! Wannan karatu naku sai ku."

Ya so ya yi faɗa, dariya ta ƙwace masa. Garin neman gira ana shirin rasa ido, kuma duk saboda ƙauna.

Ya shimfiɗa buhu, ya kifar da tukunyar a hankali. Warin ruɓa ya bugi hancinsa. Saiwoyin sun yi baƙi sun yi laushi, yana taɓawa suna narkewa a yatsa. Ya ɗauko reza yana yankewa da kula, don in wannan ya tafi shi ke nan, babu inda zai samo wani. Can ƙasa ya ci karo da saiwa guda, fara tas, mai ƙwari. Ya sauke ajiyar zuciya.

Magini na aiki a gidan maƙwabta. Auta ya roƙo yashi da tsakuwa, ya ƙara huda gindin tukunyar, ya mayar da ɗan tsauni cikin busasshiyar ƙasa irin tasa ta gado. Matarsa ta yi alkawarin daina zuba masa ruwa, ya kuma yarda da ita. Inna ce matsalar. Ya san ta sarai: za ta ce to, ta jira ya fita.

Sai ya ɗauki babur ya nufi kasuwa. Ya dawo da ɗan ayaba a buhu, ya dasa shi bakin rariya.

"Inna, wannan naki ne. Ko randa kika juye masa, ba zai ce ya ƙoshi ba."

Ta zagaya shi tana dubawa. "Yauwa. Wannan shi ne ɗan mutunci."

Da rana ta yi sanyi, Auta na wanke hannu ya ga ta ɗauko buta. Ta tsaya kan ayabar ta juye ruwan duka, har ta girgiza butar don kar ɗigo ya rage. Sannan ta taka zuwa gaban ɗan tsauni, ta sunkuya, ta shafa ganyensa da yatsa.

"Ka yi haƙuri, ɗan nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Marowaci na haifa."